Daga Madaɓi Zuwa Kankare Mai Daɓe Kansa: Tarihin Gada a Ƙasar Gulabe

Gabatarwa

Ƙasar da take tsakanin gulabe biyu, rabin tarihinta labarin ƙetare ruwa ne. Ƙaramar Hukumar Kebbe, wadda aka cire daga Tambuwal a shekarar 1996, irin wannan ƙasa ce. Gulbin Zamfara ya ratsa ta ta arewa a kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega, Gulbin Ka kuma yana can kudu, ɓangaren da garinmu Fakku yake. Da rani gulaben nan kan lafa har yaro ya raina su. Da zarar damina ta kankama, su ke yanke hukuncin wanda zai ci kasuwa da wanda zai kwana da amfanin gonarsa, da kuma ko mai naƙuda za ta isa asibiti a kan lokaci.

A wannan maƙala zan bi diddigin wani abu ƙarami da ba a cika kula da shi ba a aikin gada da hanya, wato matse kankare bayan an zuba shi, domin fitar da iskar da ta maƙale a cikinsa. Zan nuna yadda magabatanmu suka san sirrin tun kafin zuwan siminti, da yadda Japanawa suka ƙirƙiro kankaren da ba ya bukatar a matse shi, wanda zan kira kankare mai daɓe kansa. Daga nan zan duba abin da wannan fasaha za ta yi mana, da abin da ba za ta yi mana ba, a daidai lokacin da ake shimfiɗa hanyar kankare mafi tsawo da yankinmu ya taɓa gani.

Zamanin Fito

A ƙarni na goma sha tara yankin nan hanyar fatake ne. Tambuwal ta bunƙasa a matsayin ribaɗi ƙarƙashin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, Jega kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Sakkwato, inda ayarin masu zuwa Gwanja sayen goro kan yada zango. Babu gadar kankare ko ɗaya a tsakanin waɗannan garuruwa. Madugu yakan tsara tafiyarsa da lissafin ruwa: a tashi bayan kaka, a ƙetare gulabe ta mashigin da aka sani, a yi ƙoƙarin komowa kafin ruwa ya kawo. Inda ruwa ya fi ƙarfin ƙafa sai a nemi masu fito, su ƙetarar da mutane da kaya a kwalekwale ko a kan manyan goruna, a biya su ladansu.

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, wani reshensa ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, daga nan ya tsaya, bai ƙarasa Sakkwato ba har yau. Wannan ya sa ƙasar Sakkwato da Gwandu da Yawuri ta dogara ga hanyar mota fiye da Kano ko Zariya. Hanyoyin farko na burji ne, talakawa suka share su da aikin tilas ta hannun hakimai da dagatai, da yawansu kuma hanyoyin rani ne, damina na sauka sai a rufe su. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Boɗinga da Shagari da Tambuwal da Aliero da Jega, ta nufi Koko da Yawuri da Kwantagora, ta zama hanyar kowane lokaci ne bayan da aka ɗora gadoji da kwalbatoci a kan ruwayen da ke yanke ta. Gada ce ta karɓe aikin mai fito, kankare kuwa shi ne jikin gada.

Abin da Magina Suka Sani

Kafin in shiga batun siminti ya kamata a tuna cewa Bahaushe ba baƙo ba ne ga ilimin kwaɓi. Magini ya san ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Yakan jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa, a gauraya da ciyawa, a bar ta ta kwana, sannan a mulmula tubali. Domin kare bango da rufin soro daga ruwan sama akwai laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara. Akwai kuma makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Wato tun a wancan zamani magina sun gano cewa ɗan tsirarun sinadari daga tsiro kan sauya halin kwaɓi gaba ɗaya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, shaida ne ga nisan da wannan ilimi ya kai.

Darasin da ya fi kusa da batunmu yana hannun mata ne. Idan za a yi daɓen ɗakin amarya, mata kan taru, a baza ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, kowace ta ɗauki madaɓinta, a yi ta bugu ana waƙa har ƙasa ta haɗe ta yi sulɓi. Kowace tsohuwa ta san dalilin bugun. Duk inda madaɓi bai taɓa ba, nan daɓe zai fara ɓarewa, nan tururuwa za ta huda, nan danshi zai shiga. Kayan haɗi komai kyansu ba sa yin ƙarko sai an kori iskar da ke tsakaninsu. Wannan ka'ida ita ce dai ka'idar kankare, babu ragi babu ƙari.

Zuwan Siminti

Rumawan dā sun yi gini da farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, su ma kuwa daɓe kwaɓinsu suke yi hawa-hawa, kuma wasu gine-ginensu na nan tsaye bayan kusan shekara 2,000. Simintin da muke saye a buhu ya samo sunansa daga wani birkila na birnin Leeds a Ingila, Joseph Aspdin, wanda ya yi rajistar haɗinsa a 1824. Kankare yana jure danniya amma ba ya jure ja, shi ya sa aka koma saka masa ƙarfe a ciki. Wani mai aikin lambu Bafaranshe, Joseph Monier, ya yi rajistar wannan dabara a 1867, ya kuma gina gada da ita a 1875. Shigowar rodi ta kawo sabuwar wahala, domin yanzu dole kwaɓi ya ratsa tsakanin ƙarafa ya lulluɓe kowanne. Da farko da sanda ake tsokana ana bugu. Wajajen 1917 injiniyan Faransa Eugène Freyssinet ya nuna amfanin girgiza kankare da inji. Injin girgiza da muke gani yau ana cusa bakinsa cikin sabon zubi, shi ne madaɓin zamani.

A Nijeriya an fara sarrafa siminti a Nkalagu a 1957, sai Ewekoro a 1960. A Arewa, gwamnatin Sardauna ta kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, aka gina masana'antarsa a Kalambaina kusa da Sakkwato saboda arzikin farin dutsen da ke wurin. Ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara, aka ƙara sabon layi a 1985, yau kuma yana cikin kamfanin BUA. Ke nan fiye da shekara hamsin ƙasar Sakkwato na yin simintinta.

Samun siminti bai taɓa zama tabbacin samun gini mai ƙarko ba. A 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya yi yawa, hukumomin gwamnati sun yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, siminti mai yawa ya sha danshi ya lalace kafin a sauke shi. Wannan ya faru ne a shekarun da ƙasar ta fi gina hanyoyi da gadoji.

Ciwon da Ido Ba Ya Gani

Wanda ya taɓa tsayawa wurin zubin kwalbati a karkararmu ya san yadda aikin yake. Leburori na kai da kawo da kwanon sarki, rana na dukan kowa, kwaɓi na neman sandarewa. Injin girgiza ɗaya ne, wani lokaci ma babu, ko akwai shi babu mai. Ƙasan ginshiƙi, inda rodi ya fi cunkushewa, bakin injin ba ya kaiwa. Ranar da aka cire katako sai a ga jikin kankaren ya yi ramuka kamar saƙar zuma, birkila ya kwaɓa siminti ya shafe, a shafa fenti, a yanke ƙyalle.

Injiniyoyi sun daɗe da auna illar wannan. Duk kashi 1 cikin 100 na iskar da ta maƙale a kankare kan rage ƙarfinsa da kimanin kashi 5 zuwa 6. Abin da ya fi wannan muni shi ne ramukan kan zama ƙofar ruwa. Ruwa ya isa ga rodi, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, ta tsaga kankaren daga ciki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gadar da aka zana domin ta yi shekara hamsin ko fiye tana iya fara zubar da ɓawo kafin yaron da aka haifa ranar buɗe ta ya gama sakandare.

Maganin da Japan Ta Samo

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A farkon shekarun 1980 hankalin Japan ya tashi a kan yadda gine-ginenta na kankare ke tsufa da wuri. Da aka bincika sai aka ga ƙwararrun ma'aikatan da suka iya matse kankare suna raguwa, matasa kuma ba sa sha'awar aikin. A 1986 Farfesa Hajime Okamura na Jami'ar Tokyo ya kawo shawara: tunda ba za a iya tabbatar da gwanintar kowane hannu a wurin aiki ba, a yi kankaren da zai malala da nauyin kansa, ya ratsa rodi, ya cika kowane lungu, ya fitar da iskarsa ba tare da an girgiza shi ba. A 1988 shi da abokan aikinsa, Kazumasa Ozawa da Koichi Maekawa, suka fitar da samfurin farko.

Haɗin ya tsaya a kan abu uku. Na farko, a rage yawan tsakuwa, domin kada duwatsun su cushe a tsakanin rodi kamar jama'a a ƙaramar ƙofa. Na biyu, a ƙara gari mai laushi, ko siminti ko garin farin dutse ko tokar kwal, domin kwaɓin ya yi kaurin da zai riƙe tsakuwa kada ta nutse. Na uku, a zuba wani sinadari mai tsinka kwaɓi. Ƙwayoyin siminti idan suka ji ruwa sukan dunƙule su yi gudaji, kamar garin da aka zuba a tafasasshen ruwa ba a dama ba, su kulle ruwa a cikinsu. Sinadarin yana naɗe kowace ƙwaya ya raba ta da 'yar'uwarta, sai kwaɓin ya saki jiki ba tare da an ƙara masa ruwa ba.

Gwajinsa ba shi da wuyar fahimta. Ana cika wani mazurarin ƙarfe mai tsawon santimita 30 da kwaɓi a kan faranti, a ɗaga shi sama. Kankaren da muka saba da shi zai ɗan zauna ne kawai. Mai daɓe kansa zai baje kamar faifai, faɗinsa tsakanin santimita 55 zuwa 85, tsakuwa ta bi shi har baki, ba ruwan da ya tsere ya bar ta a tsakiya.

Babban wurin da ya nuna kansa shi ne gadar Akashi Kaikyo, wadda ta haɗa birnin Kobe da tsibirin Awaji, aka buɗe ta a 1998. Tazarar da ke tsakanin manyan ginshiƙanta biyu mita 1,991 ce, kuma ta riƙe kambun duniya fiye da shekara ashirin. A turakun da ke riƙe igiyoyinta an zuba wannan kankare kimanin kubik mita 290,000, aikin da aka ƙiyasta zai ci shekara biyu da rabi ya ƙare a shekara biyu. A wannan shekara ta 1998 Suwidin ta fara gina gadoji da shi, zuwa 2005 kuma Turai ta fitar da ƙa'idojin bai ɗaya na haɗa shi da gwada shi. Yau masana'antun da ke zuba ginshiƙai da katakan gada na kankare a Turai da Amurka sun rungume shi, domin yana rage ƙara, yana rage hannaye, jikin aikin kuma ya fito sumul.

Ina Ya Shafe Mu?

A watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta taso daga Illela ta ratsa Jihar Sakkwato da Jihar Kebbi ta dire Badagry a Jihar Legas, tsawon kilomita 1,068. Tunani ne da ake dangantawa da zamanin Shugaba Shehu Shagari, kuma da kankare mai rodi ake shimfiɗa ta maimakon kwalta. Hanya irin wannan za ta ƙetare gulabe da ƙoramu da fadamu masu yawa, kowanne da gadarsa ko kwalbatinsa. Abin da aka zuba a cikinsu yau, jikokinmu ne za su bi ta kansa.

A ganina, kankare mai daɓe kansa yana da gurbi a irin wannan aiki, amma gurbin yana da iyaka. Ba shi ake shimfiɗa bayan hanya da shi ba, domin injin shimfiɗa yana bukatar kwaɓi mai tauri wanda zai tsaya inda aka ajiye shi, kuma abin da ke malala ba ya zama a kan gangare. Wurinsa shi ne turakun da ake haƙawa cikin ƙasan gulbi, da ginshiƙai masu cunkoson rodi, da katakan gada da ake zubawa a masana'anta, da gyaran tsofaffin ginshiƙan da suka ɓare. Nan ne ido ba ya gani, hannu ba ya kaiwa.

Haka kuma ba shi ne maganin ambaliya ba. A watan Satumba na 2010 ruwan Gulbin Rima ya tafi da gadar da ta haɗa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da birnin Sakkwato, karatu ya tsaya, mutanen ƙauyukan da ke ƙetare suka koma hannun masu kwalekwale kamar zamanin fatake. Yawancin gadojin da ruwa ke ci a duniya, ƙasar da ke ƙarƙashin ginshiƙansu ruwa ke kwashewa, ko ya yanke cikon da ya haɗa su da hanya. Maganin wannan shi ne zurfin tushe, da faɗin mafitar ruwa, da sanin iyakar cikar gulbi, abin da tsofaffin masunta da manoman fadama suka sani, ya kuma kamata a tambaye su kafin a zana gada.

Yanayinmu ma yana da nasa sharuɗɗa. A watannin Maris da Afrilu zafi a ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, kwaɓi ya rasa laushinsa tun yana cikin mota. Da hunturu iska kan busar da fuskar zubi ta tsattsage, wannan kankare kuwa ya fi saurin kamuwa da haka domin ba ya fitar da ruwa sama. Dole a yi zubi da sanyin safiya ko da dare, a lulluɓe shi, a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai. Yana kuma danna katako kamar yadda ruwa ke danna randa, don haka kafintan da ya bar ɓaraka zai ga kankarensa a ƙasa. Danshin yashi kaɗai, idan ba a auna shi an rage ruwan haɗi ba, ya isa ya ɓata kwaɓin yini guda.

Babban abin tsoro a wurina shi ne kwaikwayo. Lebura ko ƙaramin ɗan kwangila zai ga kankare na malala a babban aiki, ba a girgiza shi, sai ya ɗauka ruwa aka ƙara, ya je ya yi haka a kwalbatin ƙauye. Kama da wane ba wane ba ce. Kwaɓin da aka tsinka da ruwa kamar farau-farau yake, gari ya kwanta ƙasa ruwa ya hau sama, kuma duk ruwan da ya wuce bukata zai bushe ya bar ƙofofi. Wannan ya fi rashin girgizawa illa.

Duk da haka muna da abin da za mu shiga wannan fage da shi. Garin farin dutse yana nan a Kalambaina. Fadamun Kebbi da Sakkwato na fitar da shinkafa, injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi na tara ɓuntu tsibi-tsibi, tokar ɓuntun shinkafa kuwa, idan aka ƙone ta da ƙa'ida aka niƙa, tana cikin garin da ke ƙara wa kankare kauri da ƙarko. Jami'o'inmu na Sakkwato da Aliero da Birnin Kebbi, da kwalejojin fasaha, za su iya gwada yashin Gulbin Zamfara da na Gulbin Ka, su fitar da haɗin da ya dace da zafinmu, maimakon a kwafo wanda aka tsara domin sanyin Suwidin.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, Okamura bai kawar da bukatar gwaninta ba. Ya ɗauke ta ne daga hannun mai riƙe da injin girgiza ya mayar da ita hannun mai riƙe da ma'auni. A wurin daɓe, mace ɗaya ta yi kasala sauran za su bi bayanta su gyara. A kankare mai daɓe kansa, idan mai awo ya ci amana ko ya yi sakaci, babu madaɓin da zai biyo baya.

Saboda haka abin da nake roƙo ga ƙasar Fakku da maƙwabtanta ba mai tsada ba ne. Kowace gada da za a gina mana, da wannan kankare ko da wanda aka saba, a ajiye mazurarin gwaji a wurin, a gwada kowace mota kafin ta juye. A ɗebi samfuri a murƙushe shi a ɗakin gwaji bayan kwana 28, a liƙa sakamakon a sakatariyar ƙaramar hukuma inda hakimi da ƙungiyar matasa za su gani. A kuma gayyaci wakilan gari ranar cire katako, kafin birkila ya iso da cokalinsa. Iyayenmu mata ba sa shigar da kayan amarya sai sun taka daɓe sun ji ya yi, gada kuwa dubban rayuka za ta ɗauka kowace damina.